Asibitin Ungozoma

Duk wanda ya taɓa sayen dashen lemo a gandun da ke bayan tashar manyan motoci ya san Ungozoma, ko da bai san sunanta na yanka ba. Ita kanta in aka kira ta da shi sai ta waiwaya ta ga da wa ake. Gajeruwa ce, kakkaura, mai ƙafafu kamar na teburin mahauta, kuma duk inda ka hango ta bakinta na motsi, tana hira da abin da ba ya amsawa. Ba ta taɓa karɓar haihuwar ko akuya ba. Sunan ya biyo ta ne saboda yadda take ɗaukar ledar dashe, hannu ɗaya a gindi, ɗaya a wuya, sai ka rantse jariri ne aka yanke wa cibiya yanzun nan.

Da goyo a bayanta ta fara zuwa gandun, a shekarar da idon mijinta, Tela, ya fara gardama da kafar allura. Aka ba ta aikin da ake ba kowane baƙo, wato cika baƙar leda da ƙasa daga safe har la'asar. Tana cikawa tana satar kallon mai aure, mutumin da ke yanko ido daga reshen lemo mai zaƙi ya ɗaura shi a jikin ɗan itace mai ƙarfin saiwa, ya naɗe da leda. Ba wanda ya koya mata. Wata rana mutumin ya tafi a cire masa haƙori ya bar wuƙarsa, ta ɗauka ta yi layi guda, ta goge wuƙar ta mayar inda ta same ta. Da layin ya kama gaba ɗaya, mutumin ya sha yabo har ya fara tafiya yana buɗa hammata. Ungozoma ta bari ya ƙoshi, sannan ta tambaye shi a gaban Mai Gandu yaushe ya koma bahago irinta, tunda naɗin layin duk ta hagu ya zagaya. Tun daga ranar wuƙa ta zama tata.

Goyon nan da ta zo da shi ita ce Auta. A tsakanin layukan leda ta yi rarrafe, ƙasar dashe ta fara ci kafin ta san ɗanɗanon abinci, ta girma ta auri wani mutum mai sanyin hali wanda ya gaji lambun lemo can wajen gari. Lambu ne na gaske. Mahaifinsa ya dasa itatuwan tun kafin a haife shi, sun yi kaurin da yaro ba ya iya rungumewa, in sun yi fure ƙamshi har bakin titi. Da su ake ci, da su ake sha, da su yaran Auta ke zuwa makaranta. Ba wata gona, ba shago, ba albashi. In lemon nan ya mutu, gidan Auta ya durƙushe.

A gaban surukin Ungozoma ba ta ɗaga ido. Baban yara take ce masa, a gaisa a taƙaice kowa ya kama gabansa. A bayansa kuwa Sai Gobe ne sunansa, domin mutumin kirki ne ƙwarai, ba ya zagi, ba ya faɗa, ba ya kuma yin yau abin da zai iya kwana.

Ungozoma na da hauka guda ɗaya, duk gandun an san da shi: ba ta iya jefar da dashe. A ƙa'idar aikin, duk ɗan itacen da ganyensa ya yi rawaya ko ya langaɓe, juji ne makomarsa. Ita kuwa sai ta bi bayan mai baro ta tsince su, tana yi masa faɗa kamar ya zubar da 'ya'yan mutane. Ta samo musu wuri a ƙarshen gandun, a bakin tafkin siminti, inda inuwa take, ruwa kuma yana kusa. Nan ne Asibiti. Akwai ɓangaren masu sauƙi, akwai na waɗanda sai addu'a. Ta fesa musu magani, ta ƙara musu taki, ta shayar da su har ruwa ya ɓulɓulo ta ƙasan leda, tana cewa, “Ku sha, ba na uban kowa ba ne.” Wanda ganyensa ya dawo kore sai ta sallame shi, ta mayar da shi layi cikin 'yan'uwansa, ta riƙe ƙugu tana jiran wanda zai ce mata sannu.

Tafkin kuwa abin alfaharin Mai Gandu ne, wani dogon mutum mai son tattali wanda ko igiyar bakin buhu ba ya yarwa. Ya sa an yi wa gandun 'yan magudanai, duk ruwan da ya tsiyaye daga ledoji ya gangaro ya koma tafkin, inji ya sake turo shi cikin tiyo a shayar da layuka. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani. “Ko ɗigo ba ya ɓacewa a nan,” in ji shi. Gaskiya ya faɗa, bawan Allah. Ko ɗigo.

A shekarar da ake magana iska ta kayar da wasu tsofaffin itatuwa a lambun su Auta, ta bar giɓi nan da can kamar bakin tsohuwa. Ungozoma ta ce ita za ta cike. Ta zaɓi dashe da hannunta, ta yi musu aure da hannunta, Mai Gandu ya ce ta ɗauka kyauta albarkacin shekarun da ta yi. Cikin waɗanda ta zaɓa har da sallamammun Asibiti, domin a ganinta wanda ya sha jinya ya tashi ya fi kowa ƙwari. Gab da damina Sai Gobe ya zo da tsohuwar a-kori-kurarsa aka loda masa, ya yi godiya har ƙasa ya tafi. Daga nan kullum sai Ungozoma ta kira Auta a waya. An dasa? Ba a dasa ba. An dasa? Ana haƙa rami. An dasa? Wai ramin bai yi zurfi ba.

Ana cikin haka wata farar mota ta tsaya a ƙofar gandun. Ashe manoma ne suka kai kuka ofishin gona, cewa lemon da suke dasawa yana yin kyau da farko, sannan ya fara zubar da ƙaro a gindi, ganye ya yi rawaya, ya mutu a tsaye. Ofishin ya turo ma'aikaciya ta zagaya gandayen dashe ta gano daga ina abin ke fitowa. Yarinya ce siririya mai tabarau, ko Auta ta girme ta. Ta buɗe bayan mota ta sauke bokitai, sannan ta jawo buhu ta kwance bakinsa. Lemun tsami ne, kore shar, kowanne sumul ba ko ƙwarzane.

“'Yar nan,” in ji Ungozoma, “kin zo gandun lemo da guzurin lemo? An ce miki rowa muke yi?”

“Ina kwana, Mama. Ba na sha ba ne, na aiki ne.”

“Au, su ma gwamnati ta ɗauke su? To su yi hankali, nan ba a zaman banza.”

Kafin rana ta yi tsaka sunanta ya zama 'Yar Lemo.

Abu na farko da ta yi, ta ajiye baho a bakin ƙofa ta zuba ruwan magani mai warin asibiti, ta ce kowa ya tsoma takalminsa kafin ya shiga, ya tsoma kafin ya fita. Ungozoma ta tsoma tana mita, wai ƙafar da ta tsufa a gandun nan yau ita ce ƙazama. Sannan yarinyar ta bi layi-layi. Ta jera ledoji a kan babban faranti mai baki, ta sa a shayar da su har ruwa ya tsiyayo, ta tare ruwan a bokiti, ta saki lemun tsami a ciki yana yawo, rabi a ruwa rabi a sama, ta rubuta sunan layin a jikin bokitin. Ta ɗebo na tafki ma ta yi masa haka.

Ungozoma ta bi ta a baya har haƙurinta ya ƙare. “Wai ke me kike dafawa?”

“Mama, cutar da nake nema ba a ganinta da ido. A cikin ƙasa take, saiwa take ci. In aka yi ban-ruwa sai ta saki 'ya'yanta su yi ta iyo suna neman abin da za su kama. Suna son lemun tsami. In suna cikin ruwan nan za su zo su manne masa, mu kuma mu ga tabonsu.”

“Wato tarko kika ɗana.”

“Tarko ne, Mama.”

“Cuta mai iyo. To, Allah ya sa ba ta iya tuƙa mota ba.”

Da suka iso Asibiti 'Yar Lemo ta tsaya. Ta dubi marasa lafiyan, ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasar da ke ƙarƙashinsu, ta bi 'yar magudanar da ido har inda take zuba cikin tafki. Sannan ta durƙusa ta cika bokitinta. Ungozoma, wadda ta san irin wannan kallon na likita tun lokacin idon Tela, ta kau da kai ta ce zafi ne ya dame ta.

Aka jera bokitai a ɗakin ajiya aka rufe, yarinyar ta ce za ta dawo bayan 'yan kwanaki. Kowace safiya sai ka ga Ungozoma a ɗakin, wai fartanya ta zo ɗauka, ita da rabonta da fartanya tun Auta na goye. Haushin jiran kuma sai ya huce a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ranar da ta ga gajimare ya fara taruwa ta kira Auta ta ce, “Ki gaya wa mijinki, in ruwan farko ya sauka dashen nan yana cikin leda, ni da kaina zan zo in ɗaura zane in dasa, a gaban maƙwabta, shi kuma in ba shi kujera ya zauna ya yi kallo.”

Washegari 'Yar Lemo ta dawo ta buɗe ɗakin, Mai Gandu da Ungozoma na tsaye a kanta. Bokitin Asibiti ta fara jawowa. Ta sa safar hannu ta ɗago lemo ɗaya. Daidai inda ruwa ya tsaya masa, wani tabo ruwan ƙasa ya zagaye shi kamar ɗamara, ba laushi irin na ruɓa ba, da taurinsa, ga wari mai hawa kai. Ungozoma ta ce to ai marasa lafiya ne, da me ake jira daga asibiti, turare? Yarinyar ta jawo na tafki. Tabo. Ta jawo na layin farko, wanda ake kai baƙi su ɗauki hoto. Tabo. Haka ta yi ta jawowa, har Mai Gandu ya daina leƙawa ya jingina da bango.

Sai ta fita ta ɗauko wani sallamamme, ganye shar kamar an shafa masa mai. Ta farke ledar, ta karkaɗe ƙasar a ruwa. Saiwar da ya kamata ta yi fari tas ta yi baƙi-baƙi.

“Ja nan, Mama.”

Ungozoma ta kama da yatsu biyu ta ja. Fatar ta zame ta taho kamar an cire safa, ta bar wani siririn zare tsirara. Duk shekarun nan tana duba ganye, tana duba kara, tana duba ido ko ya kama. Ba ta taɓa farke ledar dashe mai rai ta leƙa ƙasa ba. Wa zai tsaga cikin lafiyayye?

“Maganin da kike fesawa kwantar da ita yake yi, ba ya kashe ta,” in ji 'Yar Lemo a hankali. “Ganye ya yi kore, saiwa na ɗauke da ita. Sai an kai gona, maganin ya sake, ta farka. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Mama. A Asibiti ta samu masauki, amma tafki ne ya raba ta gida-gida.”

Mai Gandu ya cire hula ya dubi cikinta, kamar amsar tana can.

'Yar Lemo ta ci gaba, “Zan kai lemon ɗakin gwaji a tabbatar da sunan cutar. Amma daga yau kada leda ko ɗaya ta fita ƙofar nan. Akwai waɗanda suka fita kwanan nan?”

Ungozoma ta yi wuf ta matso. “In an dasa su cikin manyan itatuwa fa? Tsofaffi, masu ƙwari?”

“Ba ruwanta da tsufa. In ta shiga ƙasa ba ta fita. Ruwan sama ne zai ɗauke ta daga wannan gindi zuwa wancan. Ba rana ɗaya za su mutu ba. Ɗaya bayan ɗaya, mai lambun yana kallo.”

A waje hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Ungozoma ta laluba ƙugu ta ciro waya ta kira Auta.

“Inna, albishirinki!” muryar Auta ce, fes. “Faɗanki ya yi aiki. Tun da safe ya fita, ya rantse ba zai sa komai a bakinsa ba sai ya dasa su duka.”

“Kira shi! Ki ce kada ya taɓa ko ɗaya!”

“Wayarsa ga ta nan a caji. Inna, lafiya? Ba ke kika ce...”

“Ni na ce, ni kuma na fasa! Ki hau duk abin da kika samu ki same ni a lambu!”

Kafin ta rufe baki 'Yar Lemo ta riga ta ta da mota. “Shiga, Mama.”

Yarinyar da ke taka ƙasa kamar tana tsoron ta ji mata ciwo, ashe a kan sitiyari aljana ce. Suka keta kasuwa, suka wuce gada, masu babura na zagi suna kaucewa. Ungozoma ta ƙanƙame kujera. Ba ta ganin titi. Itatuwan take gani, da ƙamshin furensu, da jikokinta a ƙarƙashi suna jifa da lemon da ya faɗo, ita kuma da hannunta ta loda musu ajali a mota, ta bi da waya tana cewa a yi sauri.

A ƙofar lambun, gefen kwalta, suka tarar da a-kori-kura bakinta a buɗe, ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashi. Ungozoma ta diro kafin mota ta gama tsayawa. Ta kama ƙarfen bayan a-kori-kurar ta yi ɗage ta leƙa. Ga su nan. Layi-layi, yadda ta jera su da hannunta ranar da aka loda.

Abin da ya faru, tun ranar nan motar ta kawo su bakin ƙofa ta mutu. Sai Gobe ya ga ai wauta ce mutum ya yi ta jido ɗaya-ɗaya alhali mota na iya shiga da su gaba ɗaya, sai ya bar su a kai kafin ya gyara ta. Kullum ya zo ya shayar da su a nan, ruwan ya tsiyaye cikin lambatun titi ya gangara can nesa da lambu. Ko yau da ya rantse, da gyaran motar ya fara.

Ya jawo jiki ya fito, fuska duk baƙin mai. Da ya ga wadda ke tsaye sai ya zube ya tsuguna.

“Sannu da zuwa, Inna. Wallahi yanzu nake shirin... Da ma motar ce. Da ta tashi shi ke nan, kun ga ya fi a yi ta...”

Ungozoma ta zauna daɓas a bakin kwalta. Ta ɗaga ido ta dubi surukinta sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ya fara sallama a ƙofar gidanta.

“Baban yara.”

“Na'am, Inna.”

“Allah ya yi maka albarka. Allah ya ƙara maka sanyin jiki. Allah ya sa motar nan kada ta taɓa tashi.”

Mutumin ya sunkuyar da kai, ya ɗauka sabon salon zagi ne. “Ku yi haƙuri, Inna, na san na yi laifi. Amma ban zauna haka nan ba. Na dasa ɗaya! Ga shi can daga ciki, don in kun zo ku gani.”

Da Ungozoma na da ƙarfin suma da ta suma. 'Yar Lemo ta riga ta shige da gudu. Ɗan dashen yana nan tsaye, tsaf da shi, 'yan taku kaɗan daga wani tsohon itace mai rassa har ƙasa, an ma shayar da shi. Yarinyar ta ɗauki kara ta zana faffaɗan da'ira kewaye da shi. Ta ce a tono shi da ƙasarsa gaba ɗaya, a yi ta haƙa har a wuce inda danshi ya kai, kowane shebur a juye cikin buhu, kada ko ɗan dunƙule ya faɗi gefe. Cikin numfashi biyu ta gaya wa Sai Gobe dalili. Ya dubi itacen mahaifinsa, ya dubi hadarin, ya ɗauki shebur.

Ashe mutumin ya iya aiki. Ƙasa na tashi kamar inji ne ke haƙa. Ungozoma ta ɗaura zane tana riƙe bakin buhu, 'Yar Lemo na ɗaurewa tana ja zuwa titi, tabarau ya zame har kan hanci. Auta ta iso a bayan babur da yaro a goye, ta tarar da uwarta da mijinta kai da kai a kan rami ɗaya, ta tsaya baki buɗe har aka daka mata tsawa ta kawo tamfol. Suka rufe ramin, suka danne da duwatsu, suka ja 'yar hanya da za ta kai ruwa waje. Suka lulluɓe bayan a-kori-kurar, suka lulluɓe buhunan ƙasar ma. Ɗigon farko ya faɗo a wuyan Ungozoma daidai lokacin da ake ɗaure igiyar ƙarshe.

Matan suka fake a farar motar. Sai Gobe ya ƙi shiga, wai ba zai matse Inna ba. Ya tsaya cikin ruwan yana danne bakin tamfol da ƙafa har aka ɗauke.

Ɗakin gwaji ya tabbatar da abin da lemun tsami ya faɗa, ya ba cutar wani dogon suna da Ungozoma ta ce ko mai shi ba zai iya kira sau biyu ba. Aka ce a ƙone duk layin da ya kamu, da waɗanda ke kan a-kori-kura. Da aka zo kan Asibiti ta ce ba mai ƙyasta ashana sai ita. Ta tara su da kanta, ta tsaya a kansu ta ce, “Ku yafe mini, 'ya'yana. Na so ku ne fiye da hankali.” Ta kunna, ta juya baya, ta ce hayaƙi ne ya shiga idonta, kowa kuma ya yi kamar ya yarda.

Mai Gandu ya yi asarar shekara guda, amma ba a rufe masa ƙofa ba. 'Yar Lemo, wadda aikinta ya ƙare ranar da ta miƙa rahoto, ta ci gaba da zuwa. Ta sa aka kwashe tafkin aka wanke, aka toshe magudanan, aka koma ruwan rijiya. Ta nuna musu yadda ake turara ƙasa a cikin duro kafin a cika leda, da yadda ake ɗora dashe a kan benci kada gindinsa ya taɓa ƙasa. Ta koya wa Ungozoma tarkon lemun tsami, har tsohuwar ta fi ta zaƙewa, ta fara tare manyan baƙi a ƙofa tana nuna musu baho da yatsa.

Amma zancen lambun Auta bai ƙare ba. Dashen nan ɗaya ya sha ruwa a cikin ƙasar kafin a tono shi, ba kuma wanda zai iya rantsuwa cewa ba abin da ya zame ya tsere. Duk daminar nan, in an yi ruwa mai ƙarfi, sai 'Yar Lemo ta je ta ɗebi ƙasa kewaye da ramin da gindin tsohon itacen, ta jiƙa a bokiti, ta saki lemonta. Kowane karo ya fito kore, kowane karo ta ce a ƙara jira. Ungozoma ta rame har Tela, da idonsa da ba ya gani sosai, ya ce zanen ya fara yi mata yawa.

Bayan ruwan ƙarshe suka taru a lambun. Bokitan na jere a inuwa. 'Yar Lemo ta ɗago lemon ɗaya-ɗaya, ta juya kowanne a rana, ta miƙa wa Ungozoma ta duba da kanta. Ba tabo. Ta durƙusa a gindin tsohon itacen ta tone gefe, ta ciro 'yar saiwa, fara tas. Ta ja, fatar ta ƙi zamewa. Ta kankare ɓawon gindin kaɗan da wuƙa, ciki lafiya lau, ba ƙaro.

“Ya tsira, Mama,” in ji ta. “Za mu riƙa dubawa, amma ya tsira.”

Auta ta fashe da kuka, mijinta ya juya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba. Ungozoma ta dafa itacen ta yi hamdala a hankali, sannan ta juyo ta kama hannun yarinyar da hannu biyu.

“Ke 'yar nan, mahaifiyarki na da rai?”

“Tana nan, Mama.”

“In kin koma ki ce wata tsohuwa mai baƙin baki ta ce a gaishe ta. Ki ce na ce ta iya haihuwa. Ki kuma ce ta riƙa ba ki abinci, iska na iya ɗauke ki mu rasa mai faɗa mana gaskiya.”

Giɓin da ke lambun yana nan ba a cike ba, kuma dole a cike shi. Ungozoma ta ciro wuƙarta ta tsoma a ruwan magani, ta sa aka jingina mata tsani a jikin tsohon itacen. Auta ta yi ta ihu a bari Baban yara ya hau, ta ce ba ya sanin ido mai kyau ko da ya tsone masa nasa. Ta hau da kanta, can sama inda feshin ƙasa ba ya kaiwa, ta yanko 'yan rassa masu cikakkun idanu, ta sauko ta naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Sababbin 'yan itatuwa na jiranta can a gandu, a kan benci, a cikin ƙasar da aka turara.

“Inna, ki tsaya ki ci abinci mana, na riga na ɗora.”

“Ki ba 'Yar Lemo, da nawa da nata. Idanun nan bushewa suke yi, ba sa jiran tukunya.”

Ta tura ƙullin cikin zane, ta fita bakin kwalta tana ɗaga wa mai babur hannu.